Wane Jinsin Ake Nufi?

Kunna rediyo da safe ka ƙirga sau nawa za ka ji "jinsi" kafin a gama labarai. Daidaiton jinsi, cin zarafin jinsi, auren jinsi, wani lokacin har da wariyar jinsi, wadda ita launin fata take nufi. Jaki ɗaya aka labta wa duk wannan kaya. Shi ya sa da zarar wata 'yar majalisa ta ce "daidaiton jinsi" sai ka ji wani ya bugo waya yana salati, wai an zo halatta wa namiji auren namiji. Ita maganar kujeru da karatun 'ya'ya mata take yi, shi kuwa kunnensa ya saba da jin "jinsi" a maƙale da "aure".

Ban cika ganin laifinsa ba. Turanci kalmomi biyu gare shi, sex da gender, masu fassara suka juye su a tukunya ɗaya. Ta farko halitta ce: gaɓoɓi, mahaifa, nono, gemu, da ƙwayoyin gado na kromosom guda 46 da ke jikin mutum, waɗanda biyu daga ciki kan zama XX a mace, XY a namiji. Ta biyun, wadda 'yan ƙungiyoyi ke kira jenda, ita ce abin da jama'a suka ɗora a kan halittar: wa zai sa me, wa zai yi wace sana'a, wa zai yi magana a taro, wa aka yarda ya yi kuka.

Abin dariyar shi ne kalmomin ba su taso da wannan ma'ana ba. Jinsi aro ne daga Larabci, ma'anarsa iri ko nau'i, shi ya sa muke cewa jinsin mutane da jinsin aljanu, Larabawa kuma suke rubuta "jinsiyya" a fasfo suna nufin ƙasar mutum. Jenda ma ta hanyar Faransanci ta fito daga Latin, genus, wato iri. Shekaru aru-aru aikinta mafi yawa a nahawu yake. Mun san wannan a harshenmu: rana mace ce, wata namiji, kujera mace, tebur namiji, alhali ba wanda ya taɓa leƙa ƙasan kujera ya tabbatar. Bayarabe da Baturke kuwa ba su da "shi" da "ita", kalma ɗaya ce ke yi musu aikin biyu. Sai a 1955 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Money, ya ɗauko kalmar jenda ya ɗora wa matsayin maza da mata a cikin jama'a, Ann Oakley ta Ingila ta baza ta da littafinta na 1972. A taron mata na duniya da aka yi a Beijing a 1995 sai da wakilai suka yi ta kai ruwa rana a kan ma'anarta.

Wanda ya ce wannan bambanci baƙo ne gare mu bai saurari bakinsa ba. Mace za ta yi abin bajinta mu ce ta yi namijin ƙoƙari, mu kira ta mace mai kamar maza. Namiji ya ji tsoro a ce masa mace. Babu wanda yake nufin jikinsu ya sauya. A can Sahara, wajen Abzinawa, namiji ne yake rufe baki da hanci da amawali, mace ta bar fuskarta a buɗe.

Amma misalin da ya fi tsaya mini shi ne na duwatsun arewacin Albaniya. A ƙarƙashin tsohuwar dokar gargajiyarsu, Kanun, gado da shugabancin gida na maza ne kaɗai, ga kuma gabar jini da kan cinye mazan gida ƙaf. To idan gida ya rasa namiji, ko budurwa ta ƙi mijin da aka yi mata baiko da shi, akwai ƙofa ɗaya. Za ta tsaya gaban dattawa goma sha biyu ta rantse ba aure har abada. Daga ranar ta aske gashi, ta sa wando, ta rataya bindiga, ta zauna a ɗakin maza ta sha taba tare da su, ta riƙe gonar ubanta. Ana kiranta burrnesha. Musulminsu da Kiristansu duk sun yi, Baturiyar nan Edith Durham ma ta gan su ta rubuta a littafinta na 1909, kuma har yanzu akwai 'yan tsofaffi ƙalilan da suka rage.

Kowa a ƙauyen ya san mace aka haifa. Ungozomar da ta yanke mata cibi tana raye. Ba wanda ya ruɗe. Abin da suka yi shi ne sun raba halitta da matsayi, suka miƙa mata matsayin namiji, ta biya da aure da haihuwa. Ni dai ban ga 'yanci a nan ba kamar yadda wasu marubuta ke zuzutawa. Al'ummar da sai mace ta rantse ta bar zama mace kafin ta gaji gonar ubanta, ta nuna inda ta ajiye mata. Sai dai misalin ya rufe bakin mai cewa duk abin da ya tarar maza na yi a garinsu haka Allah ya halicce shi.

Masu bita a otal-otal su ma suna wuce gona da iri idan suka fara magana kamar jiki ba komai ba ne. Ciki da naƙuda da shayarwa ba al'ada ce ta raba su ba. Ko batun mata-maza da suke kawowa hujja, lamarin halitta ne, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da zama a kansa. Mukhtasar na Khalil da hukuncin khunsa, wato mata-maza, ya rufe, yana lissafa alamomin jiki: ta inda fitsari ke fita, gemu, nono, haila.

Da mai fassara zai ce "adalci tsakanin maza da mata" in jenda ake nufi, ya ce "namiji ko mace" in fom ɗin asibiti yake karantawa, da mai bugo wayar nan bai tashi hankalinsa ba. Shi ma "auren jinsi" guntu ne. Asalinsa "auren jinsi ɗaya", aka yar da "ɗaya", aka bar "jinsi" ita kaɗai riƙe da abin da ba ita ta faɗa ba.