Rodney Hilton

Rodney Hilton masanin tarihi ne ɗan Ingila, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen binciken manoman karkarar Ingila da kasuwanninsu, musamman daga ƙarni na 13 zuwa na 15. An haife shi a 1916 a garin Middleton da ke kusa da Manchester. Ya yi karatu a kwalejin Balliol ta Jami'ar Oxford, ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya koyar a Jami'ar Birmingham daga 1946 har ya yi ritaya a 1982. Ya rasu a 2002.

Yana cikin waɗanda suka kafa mujallar tarihi mai suna Past & Present a 1952. Mabiyin aƙidar Markisanci ne, amma ya fice daga jam'iyyar Kwaminis a 1956, shekarar da Tarayyar Sobiyet ta murƙushe boren Hungary.

Manoman ƙarni na 13 zuwa na 15 ba su bar rubutu ba. Abin da ya saura shi ne takardun kotunan masu ƙasa, waɗanda aka rubuta da Latin a kan fatar tumaki aka naɗe kamar tabarma. Nan ne gwanintar Hilton ta fito, domin daga takardun ubangida ya tsamo muryar talaka. A cikinsu ake ganin tarar da manomi ke biya in zai aurar da 'yarsa, da dabbarsa mafi kyau da ake ƙwacewa ranar da ya mutu, da wanda aka ci tara don ya ƙi kai hatsinsa niƙa wurin ubangida. Wasu masana sun ɗora sauye-sauyen zamanin kan hawa da saukar yawan jama'a. Hilton ya ce tushen lamarin shi ne ja-in-ja tsakanin mai ƙasa da mai noma kan wa zai ci rarar amfanin gona.

Da wannan ido ya kalli boren manoma na 1381 a littafinsa Bond Men Made Free na 1973. Annobar 1348 zuwa 1349 ta rage ma'aikata, ladan ƙwadago ya tashi, dokar 1351 ta nemi danne shi, sai kuma harajin kai ya tunzura mutane. Waɗanda suka shiga Landan ƙarƙashin Wat Tyler, jagoran boren, sun san abin da suke nema: 'yanci daga bautar gona. Shi ya sa suka yi ta ƙona takardun kotu, waɗanda ke ɗauke da shaidar bautarsu.

A kan kasuwa kuma, ya nuna cewa manomi tilas ya kai hatsi ko ulu ya sayar kafin ya sami kuɗin hayar gona, don haka ƙananan garuruwan kasuwa suna cikin tsarin mulkin masu ƙasa tsundum. A takardun garin Halesowen ya bi sawun mata masu dafa giya da masu ƙananan saye da sayarwa. Ɗalibinsa Christopher Dyer ya ɗora daga nan, yana binciken abincin manoma da gidajensu.