Shirin Sabuwar Kaka a Ƙungiyar Tseren Jiragen Ruwa Masu Tafiya da Iska

Tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska wasa ne da ake yi da ƙananan jirage marasa inji, waɗanda iska ce kaɗai ke tura su ta hanyar wani faffaɗan ƙyalle da aka ɗaura a jikin doguwar sanda. A ƙungiyar masu sha'awa, wato waɗanda ba sana'arsu ba ce kuma ba a biyansu, shirin sabuwar kaka shi ne duk aikin da ake yi a tudu kafin a tura jirgi na farko cikin ruwa: gyaran jirage, duba kayan ceto, tsara ranakun tsere, da raba aiki tsakanin membobi. Mai kallo daga gaɓa ba ya ganin wannan aiki, amma a kansa lafiyar kakar gaba ɗaya ta rataya.

Asali

Ƙungiyar da ake ɗauka mafi daɗewa a wannan wasa an kafa ta ne a Kok, ƙasar Ayalan, a 1720. Wasan ya shiga gasar Olamfik a Faris a 1900, kuma a 1907 aka kafa hukumarsa ta duniya a wannan birni, wadda tun 2015 ake kiranta World Sailing. A Nijeriya ya fi kafuwa a Legas, inda Lagos Yacht Club ke nan tun 1932.

Ruwa da iska a ƙasar Kano

A Turai sanyi ne ke yanka kaka: ana janye jirage idan hunturu ya shigo, a mayar da su ruwa wajen watan Afrilu. Wanda ya kwafo wannan jadawali ya kawo Kano ya yi kuskure tun daga tushe, domin abin da ke mulkin ruwa a nan daban ne.

Birnin Kano ba shi da ruwan da zai ɗauki tsere, sai an fita. Manyan ruwayen da ke kusa su ne madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da tafkin Bagauda, da madatsar Challawa da ke yankin Ƙaraye, wadda aka gama a 1992. Waɗannan ruwaye suna cika ne a ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, sannan su riƙa ja baya a rani saboda zafin rana da kuma ruwan da ake saki don noman rani, kamar wanda Tiga ke bai wa gonakin Kadawa da Kura. Wurin da jirgi ya ratsa lafiya a Nuwamba, kafin Afrilu yana iya zama tudu ko ya fito da kututturen bishiyoyin da ruwa ya shanye. Saboda haka auna zurfin ruwa da dogon gora ko igiya mai dutse, a wuraren da za a kafa alamomin tsere, wato abubuwa masu yawo a kan ruwa da jirage ke zagayawa, aiki ne na kowace shekara, ba a dogara da awon bara.

Iskar hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ita ce mafi dacewa da tsere, don ba ta yawan sauya fuska. Aibinta hazo ne. Ranar da buji ya yi kauri, mai kula da tsere ba zai hango alama ta nesa ba, balle jirgin da ya kife a bayanta, kuma da asubar Janairu wanda ya faɗa ruwa yakan jigata da sanyi cikin ɗan lokaci. Damina kuwa tana zuwa da iskar kudu maso yamma mai laushi, sai dai hadarin gabas yana tasowa farat ɗaya da guguwa a gabansa, kuma sandar ƙarfe a tsaye tsakiyar ruwa ba abin wasa ba ce idan ana tsawa. Ƙungiya mai hankali za ta sa kakarta daga ƙarshen damina zuwa farkon bazara, ta duba inda azumi da sallah suka faɗo a shekarar, ta kuma bar Juma'a ga masallaci.

Akwai masu ruwan tun kafin zuwan 'yan wasa. Masunta suna da tarunansu da hanyoyinsu, don haka kai gaisuwa wurin Sarkin Ruwa da dagacin yankin, da neman izini daga hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are mai kula da Tiga da Challawa, suna cikin shirin kaka kamar yadda gyaran jirgi yake. Masunta ne suka san inda kututture yake.

Gyaran jirgi

Jiragen da ƙungiyoyin masu sha'awa suka fi riƙewa ƙanana ne. Optimist, wanda Clark Mills ya zana a Amurka a 1947, tsawonsa kimanin mita 2.3, na yara ne har zuwa shekara 15. Laser, ƙirar Bruce Kirby, mai tsawon kusan mita 4.2, na mutum ɗaya ne, kuma yana cikin Olamfik tun 1996. GP14, wanda Jack Holt ya zana a Ingila a 1949, mutum biyu ke tuƙa shi.

Ana fara dubawa daga gangar jirgin. A kife shi a wanke, a bi shi da tafin hannu ana neman tsaga, musamman kewayen ramin da allon tsakiya ke sauka (allon da ake zurawa cikin ruwa ta ƙasan jirgi don kada iska ta tura shi gefe) da kuma inda sanda ke tsayawa. Waɗannan jirage suna da ɗakunan iska a rufe waɗanda ke hana su nutsewa ko sun kife. Idan ɗaki ɗaya ya yi yoyo, jirgin zai cika da ruwa ya ƙi tashi. Shi ya sa ƙungiyoyi da dama ba sa yarda jirgi ya shiga tsere sai an gwada shi a ruwa mara zurfi, an kwantar da shi da mutane a kai, an ga bai sha ruwa ba.

A Kano rana da ƙura su ne manyan abokan gaba. Rana tana cinye zaren ɗinkin ƙyallen iska kafin ta cinye ƙyallen kansa, don haka ana bin kowane layin ɗinki da farce. In zaren ya tsinke cikin sauƙi, a kai wa mai ɗinkin tamfol. Igiyar da ta yi fari-fari tana zubar da gari ta gama aiki. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarafan da igiya ke zarcewa ta cikinsu, kuma maganinta wanki da ruwa mai tsabta, domin man giris ƙara kama ƙurar yake yi. Wayoyin da ke riƙe sanda a tsaye, idan sili ɗaya ya ɓalle a bakin maɗaurinsu, a canza su duka. Jirgin katako kuma sai an duba masa gara.

Kayan ceto

Nan ne bai kamata a yi rowar kuɗi ko ta lokaci ba. Dokar farko a littafin dokokin tsere ba ta maganar wa ya riga wa. Cewa ta yi kowane jirgi ya taimaki duk wanda ke cikin haɗari. Mutanen Kano ba su manta da kifewar kwale-kwale a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, wanda ya ci rayuka da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Rigar kariya ga kowa, daidai jikinsa, mai maɗauri mai kyau, ita ce sharaɗin taka jirgi, ko da mutum gwanin iyo ne.

Kwale-kwalen ceto mai inji shi ake fara sakawa a ruwa, shi ake janyewa a ƙarshe. A sauya masa man inji da fulogi, a zubar da tsohon fetur, a tanadi igiyar ja, wuƙa, anka da akwatin agajin gaggawa, a kuma rubuta sunan asibiti mafi kusa da motar da za ta kai. Ruwan madatsu a arewa yana ɗauke da cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda ke yaɗuwa ta dodon-koɗi a gaɓa mai ciyawa. Share kacalla daga mashigar jirage da faɗakar da iyaye wajibi ne.

Dokoki da jadawali

Ana sabunta dokokin tsere duk bayan shekara 4, bayan Olamfik. Na yanzu na 2025 zuwa 2028 ne. Kafin kaka ana zama a tuna wa membobi ginshiƙansu. Jirgin da iska ke bugowa ta hagunsa shi ke kauce wa wanda take bugowa ta damansa. Idan ta gefe ɗaya take bugun su kuma suna kafaɗa da kafaɗa, wanda ke ɓangaren da iskar ke fitowa shi ke kaucewa. Wanda ya saɓa wa wani jirgi yakan wanke kansa da juya jirginsa cikakken zagaye sau biyu, wanda ya taɓa alama kuma sau ɗaya. Farawa kuma da tuta da ƙaho ne: gargaɗi saura minti 5, shiri saura 4, sai saura 1, sai tashi.

Da yake jiragen membobi ba iri ɗaya ba ne, ana daidaita su da lissafin Portsmouth na Ingila: a ninka lokacin jirgi da 1000, a raba da lambar da aka ba irinsa. Misali, jirgi mai lamba 1100 da ya yi sakan 3300 za a rubuta masa 3000, ya doke mai lamba 1000 da ya riga shi isowa a sakan 3100. Na ɗaya yana samun maki 1, na biyu 2, mai ƙarancin maki a ƙarshen kaka shi ne zakara.

Kwamiti ne ke fitar da sanarwar tsere da umarnin tuƙi, ya karɓi kuɗin shekara, ya kuma rubuta wanda zai riƙe agogo da wanda zai tuƙa kwale-kwalen ceto a kowane mako. Wannan rabon aiki shi ya fi kawo saɓani, domin ranar da mutum ke kan aiki ba zai yi tsere ba. Adalci shi ne a fitar da jerin tun kafin kaka, har da shugaba a ciki.

Mako ɗaya ko biyu kafin buɗewa ana yin tseren gwaji wanda ba a ƙirga makinsa. A ranar ake sa kowane sabon memba ya kifar da jirginsa da gangan kusa da gaɓa, ya zagaya ya taka allon tsakiya, ya tayar da shi, ya hau, kwale-kwalen ceto na tsaye a gefensa.