Ƙara Wa Tsohuwar Mota Hasken Fitila Ba Tare da Sauya Mata Fuska Ba

Mai tsohuwar mota ta shekarun 1950 zuwa 1970 yakan so abu biyu a lokaci guda: ya ga hanya da dare, kuma wanda ya dubi motar da rana ya same ta yadda ta fito daga kamfani. Duka biyun suna samuwa, in dai an bi aikin daki-daki. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Me ya sa fitilun suke ja-ja kamar aci-balbal? Ƙwan ne ya gaji?

Wani lokaci ƙwan ne, amma galibi wutar ce ba ta isowa. A yawancin tsofaffin motoci, wuta takan tashi daga batir ta shiga dashbod, ta bi ta makunnin fitila, ta bi ta makunnin dim da ful, sannan ta dawo gaba cikin siririyar waya. Kowace mahaɗa da ta yi tsatsa tana cin nata rabon. Shi kuwa ƙwai mai zare ba ya yafe wannan: wuta ta ragu da kashi 5 cikin 100, haske ya ragu da wajen kashi 15; ta ragu da kashi 10, kusan kashi 30 na hasken ya tafi.

Kafin a sayi komai, a auna. A tayar da injin, a kunna fitila, a sa mita a ma'aunin bolt. A ɗora tsinke ɗaya a kan + na batir, ɗayan a ƙafar ƙwan da ke ci, soket yana jone. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ya zube a hanya. Ƙasa da rabin bolt babu laifi. Bolt ɗaya zuwa biyu, wanda ba baƙon abu ba ne a motar da ta shekara hamsin, shi ne ciwon. Sai a maimaita tsakanin ƙafar da ke komawa jikin mota da − na batir. Nan bai kamata ya wuce 0.2 ba. In ya wuce, a kwance wayar, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure, a shafa ɗan giris.

In wutar ce ke zubewa, sai an sake wayoyin motar gaba ɗaya?

A'a. Rile biyu sun isa, ɗaya na dim, ɗaya na ful. Rile makunni ne da 'yar ƙaramar wuta ke kunnawa, shi kuma ya saki babbar wuta ta wuce. Wannan ne gyaran da ya fi kowanne riba, kuma ba a ganinsa daga waje ko kaɗan.

Abin da ake buƙata: rile biyu masu ɗaukar amfiya 30, fis biyu na amfiya 15 da gidajensu, waya mai kaurin 2.5 mm², da sabbin soket biyu masu ƙafa uku, gara na tangaran don ba sa narkewa. A cire kan batir tukuna. Kowane rile yana da ƙafafu masu lamba. Lamba 30 tana karɓar wuta daga batir ta cikin fis, kuma fis ɗin ya zauna kusa da batir, kada ya yi nisa da shi fiye da taƙi ɗaya, domin wayar da ke gabansa ba ta da mai kare ta. Lamba 87 tana kai wuta ga fitilu biyun. Lamba 86 tana karɓar tsohuwar wayar da da can take kunna fitilar, lamba 85 kuma ta tafi jikin mota. Kowace fitila a ba ta tata sabuwar wayar komawa jiki, gajeriya mai kauri.

Da ma ƙwai biyu suna jan amfiya 9 zuwa 10 ta cikin makunni. Yanzu makunnin ba ya ɗaukar komai sai ɗan abin da ke ja rile, ƙasa da rabin amfiya. Makunnin asali, wanda samun irinsa ya zama aiki, ya huta ke nan. Ba sai an yanka ko waya ɗaya ba: a jona tsohon soket na gefe ɗaya da filogin da ke zuwa rile, na ɗaya gefen a naɗe shi a ajiye. Ranar da aka so mayar da motar yadda take, aikin minti goma ne.

Wurare uku ake tuntuɓe. Wasu motocin Japan, musamman tsofaffin Toyota, suna kashe fitila da kunna ta ne ta ɓangaren komawa jiki, don haka in an haɗa yadda aka saba, ko dai ta ƙi kamawa ko alamar ful ta dashbod ta ɗauke. Motar da ke da agogon amfiya a dashbod, in an ɗebi wuta kai tsaye daga batir, allurar za ta riƙa nuna caji na ƙarya. A ɗebo daga bakin altaneta. Sannan kada a ɗora dim da ful a fis ɗaya, don in ya ƙone cikin tafiya duhu ne gaba ɗaya.

Don ido, akwai waya mai rigar saƙa irin ta da. Wasu kuma sukan ɓoye rile a bayan batir ko cikin fankon tsohon akwatin regileta.

Ta yaya zan san irin fitilar da ke motata?

A dubi bayanta. In babu ƙwan da ake zarewa, ƙafafu ne kawai suka fito daga gilashi, to rufaffiya ce, wadda masu gyara ke kira silbim: gilashi da kwano da zare duk abu ɗaya ne. Amurka ta wajabta wannan iri daga 1940, zagayayya mai inci 7. A 1957 aka yarda da ƙanana huɗu masu inci 5¾, a tsakiyar shekarun 1970 aka kawo masu kusurwa huɗu, sai a 1983 aka bar kamfanoni su yi fitila mai ƙwan da ake canzawa. Motocin Ingila da Japan da yawa sun bi waɗannan ma'aunai.

A Turai kuwa an fi yin fitila mai ƙwai daban. Tsohon ƙwan shi ne R2, mai wat 45/40. Halojin ya shigo da H1 a 1962, sai H4 mai zare biyu, wat 60/55, a 1971.

Motata silbim ce. Me zan sa da ba zai nuna ba?

Mafi sauƙi shi ne silbim na halojin: mai lamba H6024 ya maye gurbin tsohon mai lamba 6014 a inci 7. Fuska ɗaya ce, har da ƙananan ƙusoshin gilashi guda uku da ke gabanta. Hasken ya fi fari, sai dai shimfiɗarsa a titi tana nan yadda take.

Wanda ya fi shi shi ne cikakkiyar fitilar H4 mai gilashi da kwanon ƙarfe, irin ta Hella, Cibié, Bosch, Koito ko Wipac. Tana zama a gidan silbim ɗin daidai. A cire zoben ado, a kwance sukurori uku na zoben da ke riƙe da fitilar, kada a taɓa biyun da ke saita ta (su ne masu sifirin, ɗaya a sama, ɗaya a gefe). A bayan fitilar akwai kunnuwa uku da ba a raba tazararsu daidai ba, don haka hanya ɗaya kawai take zama. In ta ƙi, juya ta za a yi, ba dannawa ba. A inci 7 tsohon soket yana shiga H4 kai tsaye. A wasu masu kusurwa huɗu jerin ƙafafun ya bambanta, sai an gwada da mita an sauya.

Batun kama, a lura da ƙundun gilashin. Silbim na da yana da tudu a gaba. Wasu fitilun H4 gilashinsu shafaffe ne, kuma a motar da fitilarta ke tsaye a kan fenda, idon wanda ya san motar yakan kama bambancin daga nesa. A nemi mai tudu, mai zane-zane a gilashi. Mai gilashi garau da kwano mai yanka-yanka kamar lu'ulu'u, komai kyan haskenta, ta tona asiri. A kuma auna zurfin gidan, domin H4 da robar bayanta sun fi silbim tsawo kaɗan.

Ni gilashin asali nake so ya zauna, mai tambarin Lucas ko Marchal. Akwai dabara?

Akwai. Ana yin ƙwan halojin mai gindin P45t, wato gindin R2, da kuma mai gindin tsofaffin fitilun Ingila. Yana shiga ba tare da an fasa komai ba. Abin dubawa shi ne zarensa ya tsaya daidai inda na tsohon ƙwan yake tsayawa, domin kwanon fitila wuri ɗaya tak yake tattaro haske daga gare shi. Kaucewar milimita ɗaya ko biyu ta isa ta watsa hasken sama.

Amma a fara duba kwanon. In ya dushe, ya yi toka-toka, ko tsatsa ta ci ƙasansa inda ruwa ke kwanciya, babu ƙwan da zai cece shi. Kada a goge shi da tsumma: rufin aluminiyam ɗin da ke kansa ya fi fatar albasa siranta, shafa ɗaya ya tafi. Ƙura ce kawai? A zuba tataccen ruwa da ɗigon sabulun ruwa, a girgiza, a ɗauraye, a bar shi ya bushe da kansa. In ya mutu, sai a kai wa masu sake rufa shi. Fentin azurfa na gwangwani ba ya mayar da haske, ɓata kwanon kawai yake yi.

Gilashin ƙwan halojin ma ba a taɓa shi da yatsa. Maiƙon hannu yana ƙonewa a kai ya rage masa kwana.

In sa ƙwai mai wat 100/90 mana?

Kada a sa. Yana narka soket, yana dafa kwano, yana kashe wa na gaba ido, kuma doka ta hana shi a titi a ƙasashe da yawa. Ƙwai mai wat 60/55 daga kamfani nagari, irin masu ƙarin haske na Osram ko Philips, ya fi amfani, ko da yake ba ya daɗewa kamar na gama-gari. Mai shuɗin gilashi kuwa rage haske yake yi, launi kawai ake saye.

To LED fa?

LED iri biyu ne, kuma ba a haɗa su a hukunci ɗaya. Na farko ƙwan LED ne da ake cusawa a kwanon da aka ƙera don zare. Zare yana haske ta kowane gefe daga ɗan siririn wuri. LED yana haske ne daga fuska biyu na faranti. Mafi yawan masu arha suna cika gaban mota da farin haske, direba ya ji daɗi, alhali nesa ta yi duhu kuma mai tahowa yana kare fuska da hannu. Akwai 'yan ƙalilan masu kyau. Jamus ta fara amincewa da wasu a 2020, amma ga jerin motocin da aka gwada kawai. A Birtaniya, daga 2021 irin wannan sauyi yana kayar da mota a gwajin shekara, in ban da wadda aka fara hawa kafin 1 ga Afrilun 1986. Kowa ya duba dokar inda yake.

Na biyu cikakkiyar fitila ce da aka ƙera tun farko don LED, aka yi mata fuskar silbim, kamar RetroBright ta Holley. Wannan tana yanka haske da kyau kuma ba ta jan wuta sosai. A zaɓi mai launin 3000K (K ma'aunin launin haske ne, yawan lambar yawan fari da shuɗi), wanda ya yi kusa da na halojin, wajen 3200K. Mai 6000K, da an kunna ta kamannin tsohuwar mota sun tafi. A kuma sani cewa fuskar irin waɗannan yawanci roba ce, a duba ko mashayar zafin da ke baya za ta shiga gidan, sannan a kunna rediyo a ji ko tana sa shi ƙara.

Zenon, wato HID, a cikin tsohon kwano ba shi da wurin zama ko kaɗan.

Motata mai bolt 6 ce, kuma dainamo gare ta.

Nan rile da waya mai kauri sun fi zama dole, domin a bolt 6 ƙwai yana jan ninki biyu na amfiya, kuma asarar rabin bolt daidai take da asarar bolt guda a mota mai 12. A yi amfani da waya 4 mm² da rile na bolt 6. Tsofaffin Volkswagen Beetle da yawa masu bolt 6 ne, kuma akwai ƙwan halojin da aka yi don irinsu.

A yi lissafin ƙarfin dainamo. Lucas C40, wanda ke motocin Ingila da yawa, amfiya 22 yake bayarwa, kuma in injin yana aiki a tsaye kusan ba ya caji. H4 biyu sun ɗauki 10, saura na koyil, fitilun baya, waifa da fanka. In bai isa ba, akwai altaneta da aka yi wa gangar jikin dainamo. Motocin Ingila da yawa kafin tsakiyar shekarun 1960 kuma + ne ke haɗe da jikinsu. Ƙwai mai zare bai damu ba, amma LED da rile mai dayod a ciki sun damu, sai a nemi wanda ya dace.

Waɗanne alamomi zan duba a gilashin kafin in saya?

Harafin E da lamba a cikin da'ira shaidar gwaji ce ta tsarin Turai: E1 Jamus, E2 Faransa, E11 Birtaniya. HCR na nufin halojin mai dim da ful. DOT na Amurka ne. Sai kibiya: dim na Turai yana ɗaga haske a gefe ɗaya don haska bakin titi. In akwai kibiya mai nuna dama, kana fuskantar gilashin, an yi fitilar ne don ƙasar da ake tuƙi a hannun hagu. Babu kibiya, ta masu bin hannun dama ce. Motar da aka shigo da ita daga Ingila ko Japan zuwa inda ake bin dama, fitilarta tana zuba hasken ne cikin idon masu tahowa.

An gama haɗawa. Yaya ake saita su?

A sami fili shimfiɗaɗɗe da bango. Tayoyi su cika iska daidai, mai ya kai rabin tanki, wani ya zauna a kujerar direba. A matso da motar dab da bango, a manna tef a daidai tsakiyar kowace fitila, tsaye da kwance, sannan a ja da baya a miƙe har mita 10. A kunna dim, a tare fitila ɗaya da kwali. Layin da haske ya yanke ya sauka santimita 10 zuwa 12 ƙasa da tef ɗin kwance; sukurun sama ne ke yin wannan. Gwiwar da layin ya fara hawa daga gare ta ta faɗa a kan tef ɗin tsaye. Wannan na sukurun gefe ne. Fitilar da tsayinta daga ƙasa santimita 65 ne, in ta sauka 10 a mita 10, haskenta zai taɓa ƙasa a wajen mita 65. In sukurun yana juyawa fitilar ba ta motsi, robar da yake ciki ce ta fashe ko sifirin ya saki, sai an canza su kafin saitin ya zauna.