Tsofaffin ƙungiyoyin masu sana'a a Sikotilan, asiri ne ko neman abinci?

Wai su wane ne ma waɗannan mutanen?

Masu sana'ar hannu ne, maƙera, masaƙa, mahauta, teloli, masu ɗinkin takalmi da magina. A birnin Gilasgo sana'o'i 14 ne suka haɗu a inuwa ɗaya tun 1605, birnin Abadin kuma yana da bakwai. Kowace sana'a da shugabanta, kusan irin sarkin maƙera ko sarkin fawa namu, sai dai su zaɓensa suke yi ba gado ba. Kuma fa da ƙarfinsu, baƙo bai isa ya buɗe shago a gari ba sai ya shiga cikinsu ya biya, haka aka yi ta tafiya har 1846 da majalisa ta soke wannan gatan.

To Firimesin, ƙungiyar asirin nan da ake ta magana a kanta, daga nan suka fito?

Tsofaffin takardunsu dai a can suke. William Schaw, mai kula da gine-ginen Sarki James na 6, shi ya rubuta wa magina dokoki a 1598 da 1599, kuma reshen ƙungiyar magina na birnin Edinbara yana da littafin zamansa tun 1599. Magini matafiyi ne, yau yana wannan gari gobe wancan, to in ya iso inda ba a san shi ba da me zai nuna ya yi zaman koyo? Sai aka yi kalmar sirri da salon gaisawa. Daga baya manyan mutane da ba su taɓa riƙe guduma ba suka fara shiga, Robert Moray ya shiga a 1641, sannu a hankali suka rinjayi maginan, a 1736 aka kafa babbar hedikwatarsu ta ƙasa. Masu lambu ma sun yi tasu ƙungiyar, takardun reshensu na garin Hadintin sun faro tun 1676.

Wacce ta fi ban mamaki?

Ni dai ta masu noma da doki a arewa maso gabas, wadda ta bazu a ƙarni na 19. Da daddare ake kai yaro rumbun gona an ɗaure masa ido, ya zo da kwalbar wiski da burodi, ya rantse ba zai faɗi sirrin ƙungiyar ba, ba zai rubuta ba, sannan a miƙo masa ƙafar akuya ko sanda mai gashi a ce ya gaisa da shaiɗan. Ana cewa kalmar da ake raɗa masa tana tsayar da doki cak, amma gaskiyar magana ƙamshi da wari suke sarrafa dabbar da su, sauran kuma ƙwarewa ce. Tsoratarwar tana da amfani, mai gona ba ya son faɗa da ma'aikatan da bakinsu ɗaya in ana maganar albashi.

Me ya kashe su?

Tarakta ta kori doki daga gona. Su kuma masu tara kuɗin jinya da jana'iza da taimakon matan mamata, inshorar gwamnati ta 1911 da tsarin lafiya kyauta na 1948 suka rage musu aiki. Ba duka suka mutu ba, na Gilasgo da Abadin suna nan har yanzu, aikin agaji da tallafin karatu suka koma yi.