Tsallaka titi a gaban motar da babu direba

Mu ma'aikatan lafiya mun daɗe muna koya wa yara cewa kafin su tsallaka titi su haɗa ido da direba, su jira ya ɗaga musu hannu ko ya yi musu alama da fitila. Da ido da hannu da oda ne masu amfani da hanya suke fahimtar juna. To amma a biranen Amurka irin su Finiks da San Faransisko, tasi na kamfanin Waymo suna ɗaukar fasinja kujerar direba wayam, kuma duk ɗan uwanmu da karatu ko neman abinci ya kai shi can zai tarar babu wanda zai kalla ya nemi izinin wucewa.

A daren 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata mai shekara 49 tana tura kekenta a inda ba a shata don tsallakawa ba, ta rasu. Binciken hukumar kula da haɗurran sufuri ta Amurka ya nuna cewa na'urorin motar sun hango ta fiye da daƙiƙa 5 kafin karon, sai dai kwamfutar ta yi ta sauya hukunci, ta ce mota ce, ta koma ta ce keke ne, domin ba a tsara ta ta yi tsammanin mutum a irin wannan wuri ba. Ma'aikaciyar da aka zaunar don sa ido kuwa hankalinta yana kan waya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, hangowa ba ta zama ganewa ba.

A Oktoban 2023 ma, wata mota marar direba ta kamfanin Cruise ta ja wata mata kimanin mita 6 a San Faransisko bayan wata mota mai direba ta watso ta gabanta, har jihar Kalifoniya ta dakatar da izinin kamfanin.

Don haka nake roƙon kowa ya tsallaka a inda aka shata, kada ya ɗauki rage gudu a matsayin an ba shi hanya, ya jira sai ya ga tayoyin sun tsaya cak. Da dare a sa tufafi masu haske, a riƙe hannun yaro da kyau, kuma kada a ɓullo daga tsakanin motocin da aka ajiye a gefen titi.