Gargaɗin mazubi maras ƙima a shirin kwamfuta

Gargaɗin mazubi maras ƙima saƙo ne da yaren rubuta manhaja ke fitarwa idan shiri ya ɗauko mazubi, wato wurin ajiyar bayani mai suna, ya yi aiki da shi alhali ba a zuba masa komai ba. An fi sanin sa a yaren Perl, wanda Larry Wall ya fitar a 1987, inda saƙon ke farawa da "Use of uninitialized value" ga wanda ya kunna `use warnings`, umarnin da ke sa Perl ya riƙa gargaɗi.

Kowane yare da yadda yake ɗaukar lamarin. Python kan tsayar da aiki nan take. Bash ba ya cewa uffan sai an sa `set -u`. PHP ya ɗaga matsayin saƙon daga sanarwa zuwa gargaɗi a siga ta 8, a 2020. Perl kuwa sai ya yi gargaɗi ya wuce, ya ɗauki mazubin a matsayin sifiri idan lissafi ake yi, ko rubutu fanko idan kalmomi ake haɗawa. A nan haɗarin yake, domin shirin zai kammala ya ba da amsa kamar lafiya lau.

A ɗauki ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke adana cinikin atamfa da shadda a fayil, kowane layi da sunan kaya da yawan turmi da farashi, waƙafi na raba su, shirin Perl kuma na karanta fayil ɗin ya fitar da jimilla. Yaron shago ya manta farashin layi ɗaya. Umarnin `split` zai raba layin gida biyu maimakon uku, mazubin farashi ya tashi wayam, a ninka turmi goma da sifiri, jimillar ranar ta ragu ba wanda ya lura. Layin da babu komai a cikinsa a ƙarshen fayil ma yana jawo haka, kuma ido ba ya ganin sa.

Abin da ke rikita masu gyara shi ne, layin shirin da gargaɗin ya nuna wurin amfani da mazubin ne, ba wurin da aka kasa cika shi ba. Tushen matsalar yana iya kasancewa can sama, cikin reshen `if` (sashen da ke aiki sai in wani sharaɗi ya cika) da ba a shiga ba, ko a kuskuren harafi ɗaya cikin suna, wanda umarnin tsaurarawa na `use strict` ke kamawa. Kafin siga ta 5.10 ta 2007, Perl ba ya ma faɗin sunan mazubin.

Hanyar bincike ita ce a buga ƙimar kowane mazubi gab da layin, da Data::Dumper misali, kayan aikin Perl da ke nuna abin da ke cikin mazubi, sannan a bi sawu baya har inda ya kamata a cika shi. Kashe gargaɗin ɓoye ciwo ne kawai. Idan ana son ƙimar madadin, wato wadda za a ɗauka in mazubi wayam ne, a cikin alamomin Perl biyu da ke wannan aiki `//` ya fi `||` dacewa, saboda `||` yana ɗaukar sifiri na gaskiya, kamar kayan da aka bayar kyauta, tamkar ba a rubuta farashi ba.