Waiwaye: Yadda jakar golf ta sauya kafaɗa

Duk lokacin da aka kammala wata babbar gasar golf sai muhawara ta taso kan mutumin nan da ke biye da ɗan wasa, saɓe da jakar sanduna. Wasu na ganin ladansa ya yi yawa. Scottie Scheffler ya karɓi dala miliyan 3.6 da ya lashe gasar Masters a 2024, kuma a al'ada kashi 10 cikin 100 na mai ɗaukar jaka ne in an ci kofi, kashi 7 in an shiga sahun goman farko, kashi 5 in dai an tsallake zuwa zagayen ƙarshe. Wasu kuma tambayarsu daban ce: wa ya cancanci jakar, gogagge a sana'ar, ko aboki, ko ƙane, ko matar ɗan wasan?

Ba yau aka fara ba. A zamanin da a Sikotilan aikin dako ne na yara da talakawan da ke zaune kusa da fili. A 1913 yaro ɗan shekara 10, Eddie Lowery, shi ya ɗauki jakar Francis Ouimet har ya ci gasar US Open. Daga shekarun 1950 ƙananan motocin fili suka rage wa masu dakon kasuwa, sannan kuɗi suka kwararo bayan fitowar Tiger Woods a 1996. Kowa na ambaton waɗannan.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne ɗan littafin awo. A da, jarin mai ɗaukar jaka yana cikin kansa. Ya san inda iska ke juyawa, ya san gangaren da ido ba ya gani, zai dubi tazara ya zaro sanda ya miƙa ba tare da ya ƙirga komai ba. Baƙon ɗan wasa dole ya dogara da ɗan gari. A 1961, a gasar US Amateur a filin Pebble Beach na Amurka, ɗan wasa Jack Nicklaus ya bi shawarar takwaransa Deane Beman ya riƙa taka fili yana ƙirga yadi daga wata bishiya ko ramin yashi, yana rubutawa. Ya ci gasar, dabarar kuma ta bazu. Tun da ilimin fili ya koma takarda da za a cusa a aljihun baya, sai ya zamana kowa na iya shigowa da shi daga ko'ina. Abin da ɗan wasa ke nema ya koma mutumin da ya san halinsa, wanda zai kwantar masa da hankali idan wasa ya rikice.

Sakamakon ya fito fili a Augusta, filin da ake buga gasar Masters. Har zuwa 1982 masu dakon filin ne kaɗai ke ɗaukar jaka a Masters, dukansu baƙaƙen fata, irin su Willie Peterson da ya raka Nicklaus ga nasara sau biyar. A 1983 aka ba kowa damar zuwa da nasa, a shekarar Elizabeth Archer ta ɗauki jakar mahaifinta George. Wanda ya ci kofin lokacin dala 90,000 ya samu. Wato 'yan gari sun sha rana shekara da shekaru, da girbi ya zo kuma wasu ne a gonar. Kaɗan suka tsira, kamar Carl Jackson, wanda ɗan wasa Ben Crenshaw ya riƙe, suka yi nasara tare a 1984 da 1995.

Su ma masu yawo da 'yan wasa a yau ba duka ke cin daɗi ba. Yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu, galibi ta fatar baki, ana iya sallamarka gobe. Kuɗin jirgi da masauki yawanci daga aljihunka suke fita, kuma in an cire maigidanka daga gasa ranar Juma'a, kafin zagayen ƙarshe, kuɗin mako kawai za ka tashi da shi.